Ƙullin Jan Zare

A jikin farin bangon ɗakin taron, hoton yankan busasshen kifin ya kai girman ƙofa. An ɗaure shi da jan zare, ƙulli biyu, ɗaya a kan ɗaya. Hajiya Fusena ta gane shi tun kafin ta gama gyara zaman tabarau a hancinta. Yo ina za ta kasa gane shi, alhali ita ta ƙulla shi da hannunta?

Shekara ashirin da shida ke nan tana da shago a Rye Lane, a unguwar Peckham ta birnin Landan. Akwai doya, akwai manja da garin rogo, amma abin da ya yi mata suna shi ne kako, busasshen kifin nan mai gishiri da ake kawowa daga gaɓar tekun Ghana. Ɗan guntu kaɗan za ka jefa a miya, maƙwabcin da ke saman bene ya san yau an yi girki. Yankan Fusena faɗin yatsu huɗu ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma sai ta ɗaure kowanne da jan zare, yadda ta ga mahaifiyarta tana yi a zangon Sekondi, unguwar Hausawa can Ghana. Daga Croydon har Plumstead, duk macen zango da ta ga wannan ƙulli a kicin ɗin ƙawarta ba ta tambayar inda aka saya.

Wadda ke tsaye a gefen hoton, da ƙaramar sanda a hannu, 'yarta ce ɗaya tilo, Faridatu. A Landan aka haife ta, kuma yanzu tana digiri na uku kan halittun teku. Ita ta roƙi uwar ta tara mata matan zango ranar Asabar da la'asar, tana da bayanin da za ta yi musu da Hausa. Ai kuwa Fusena ta ɗauki abin kamar biki. Ta bi gida-gida ta waya, ta soya kaji, ta sa Magajiya Rashidatu, shugabar matan, ta karɓo musu ɗakin taro na ƙaramar hukuma. Mata arba'in da wani abu suka zo cikin yayyafi, don su ga 'yar Fusena da ake ce wa likitar kifi.

Da farko komai ya tafi daidai. Faridatu ta nuna musu hoton wani kifi a cikin shuɗin ruwa, dogo, sumul, kansa kamar guduma, ido ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Mata suka yi ta salati suna dariya. Da Hausarta mai ɗan ɗingishi ta ce Turawa na kiran irinsa shak, ta kuma nemi sunansa da Hausa ta rasa, ko akwai wadda ta sani? Babu wadda ta taɓa ganin sa da rai.

Ta ce musu wannan kifi ba ƙwai yake zubarwa ba. Macen, ciki take ɗauka, wata tara ko fiye, ta haifi 'ya'yanta da rai, kuma sai ta haura shekara goma kafin ta yi cikin fari. Ana kama su da sauri fiye da yadda suke haihuwa, har an kai inda masu bincike ke tsoron za su ƙare ƙaf. Maganar cikin nan ta taɓa Fusena. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan mijinta marigayi Sualihu kafin Allah ya ba ta Faridatu, ta san abin da ake nufi da jira.

Daga nan yarinyar ta ce ta sayo busasshen kifi daga shaguna ashirin, ta gwada ƙwayoyin halittarsa a ɗakin gwaje-gwaje don ta san asalin kowanne. Ta ce dokar bincike ta hana a ambaci sunan shago, lamba kawai ake sawa. Ta danna na'ura, hoton ya fito.

"Wannan shi ne samfuri na goma sha bakwai," in ji Faridatu. "Naman wancan kifin ne da kuka gani, mai kan guduma."

Babu wadda ta juyo ta dubi Fusena, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Da sun juyo, da ta san inda za ta ajiye fuskarta. Sai dai ta ji gyaran murya a bayanta, ta ji wata ta ja numfashi ta hanci, ta ga Magajiya Rashidatu ta duƙufa tana neman abin da ba ta ajiye ba a cikin jaka. Kunya ta rufe ta tun daga ƙafa har ɗankwali. Yarinyar kuwa ta ci gaba da bayaninta, ko a jikinta, tana ganin ta rufa wa kowa asiri da lambarta. Aka yi tafi, aka ci kajin Fusena, aka watse.

A tashar bas suka tsaya su biyu, ƙarƙashin lema ɗaya. Faridatu tana ta zuba, rabi Hausa rabi Turanci, tana murnar yadda mata suka saurara. Sai da ta dubi fuskar uwar sannan ta katse zancen.

"Kin ɓoye sunana," Fusena ta ce, idonta a kan titi, "amma kin bar zarena."

Faridatu ta daɗe kafin maganar ta shige ta. Da ta shige ta, sai lemar ta karkace a hannunta. Ta rantse ba ta san zare yana magana ba. Ta ce wata abokiyar karatunta ta aika ta sayo, don kada a ce ta tsame shagon uwarta daga binciken. Ta ce wata biyu ke nan sakamakon yana hannunta, kullum sai ta ɗaura niyyar faɗa, in ta shigo gida ta ji ƙamshin miya sai bakinta ya mutu.

"Mma, ba laifinki ba ne. Ke ma ba ki san abin da ake aiko miki ba."

"Da shi na raine ki," in ji Fusena. "Duk littafin da kika karanta, da warinsa a jiki."

"Na sani, Mma. Shi ya sa na kasa faɗa."

Bas ta zo, suka shiga, kowacce ta kama ƙarfe daban. Fusena ta ji haushin yarinyar, haushi na gaske, irin wanda ke hana cin abinci. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma abin da ya fi damunta shi ne ta san 'yarta ba ta ƙarya.

Ranar Lahadi ba ta fita ba. Ranar Litinin ta ɗaga ƙofar shago da nauyin zuciya, tana jiran ranar da babu wanda zai leƙo. Ta riga ta ji abin da za a riƙa faɗa a gidajen suna: Fusena mai sayar da kifi mai ciki, wadda 'yar cikinta ta tona. Ta kwashe kakon da ke kan tire ta mayar cikin kwali, ta tura shi ƙarƙashin kantar shagon, don kada ma wani ya gani ya yi mata murmushi.

Ƙarfe goma bai yi ba sai ga Magajiya Rashidatu, da mata uku a bayanta. Kafin su gama gaisawa wasu biyar sun shigo, suna karkaɗe lema. Fusena ta dake, ta ce a ranta an zo yi mata jaje ne ko kuwa kallo.

Ashe ba ko ɗaya. Magajiya ta yabi Faridatu har da ɗaga hannu, ta ce yarinya ta yi ilimi, Allah ya yi mata albarka, ta buɗe musu ido. Sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"Hajiya, tun da likita da kanta ta ce yana ƙarewa, ki ba ni ƙulli goma in ajiye. Kin san azumi ya ƙarato."

Ta bayanta ta ce ita shida take so. Wata ta ce dama ta sha faɗa wa mijinta na Fusena shi ne na asali, ga shi har na'urar Turawa ta tabbatar. Ba wulaƙanci a fuskar kowa. Sunan da take tsoron ya zube bai taɓa yin tsada irin ta yau ba, abin da ya rage kawai shi ne ta miƙa hannu ƙarƙashin kantar.

Ta ji gefen kwalin yana taɓa yatsun ƙafarta. Ta tuna idanun nan biyu, ɗaya can ɗaya can, da yarinyarta a gaban mata arba'in tana laluben kalma ɗaya-ɗaya a harshen da ba ta cika iyawa ba.

"Ya ƙare," Fusena ta ce.

"Haba Hajiya, ko na ajiya?"

"Ya ƙare, Magajiya."

Suka yi mata kallon wanda bai yarda ba, suka yi sallama a daƙile. Ta cikin gilashin shago ta bi su da ido. Suka tsaya bas ta wuce, suka tsallaka titi a jere, suka shige shagon Issahaku da ke kallon nata. Ba a jima ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da shuɗiyar leda mai nauyi. Kafin azahar Issahaku ya fito da kansa ya kafa allo a bakin ƙofa, ya rubuta KAKO da manyan baƙaƙe.

Tana tsaye a nan wayarta ta yi ƙara. Faridatu ce, muryarta a sanyaye, kamar mai taka ƙasa bayan ruwan sama. Ta sake ba da haƙuri. Ta ce malamin da ke duba aikinta ya ji daɗi ƙwarai, ya ce taro irin wannan ya fi takarda goma amfani, har yana so a yi wani a Croydon. Sannan ta jefo tambaya.

"Mma, ke kin fi ni sanin su. Kina ganin sun ji abin da na faɗa?"

A ƙetaren titi wasu mata biyu da ba su ma halarci taron ba suna sauri, ɗaya na jan keken jariri, kada a riga su. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"Sun ji ki, uwata," ta ce. "Har waɗanda ba su zo ba sun ji."

Ta ji yarinyar ta sauke ajiyar zuciya a can ɗaya gefen. Bayan sun yi sallama, Fusena ta sa ƙafa ta ƙara tura kwalin cikin duhun ƙarƙashin kantar, sannan ta koma jera doya.