Motar da Za Ta Mayar da Mma Gida

…kuma wai launin ne matsalar, Yaya Segametsi. Launi. Tun buɗe ofishin rajistar motoci nake kan bencin nan, lamba arba'in da uku a hannuna, fankar sama tana juyawa kamar an yi mata dole, idanuna suna lumshewa…

A lardinmu sun ce in sauya mata fenti, ba a yi wa mota rajista da launin soja. Na tsallaka lardin maƙwabta — tafiyar awa biyu, ƙayoyin nan dai, awakin nan dai — sun ce kada in kuskura in taɓa fentin, in na taɓa ta tashi daga motar tarihi ta koma akori-kura. Mota ɗaya fa. Ƙasa ɗaya. Wata mai gilashi ma cewa ta yi, "Baba, kawo takardar sojojin da suka sallame ta." Waɗanne sojoji, 'yata? Waɗancan? Kabarin wa zan je in karɓo sa hannu?

A Namibiya na samo ta, bayan gonar wani tsohon Bature, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Ina ganinta na zagaya bayanta. Ba ita ba ce ta kwashe mu, na sani… amma irinta ce sak, har ƙugiyar ƙofar baya da ta datse miki yatsa — kina kuka, ina shekara bakwai, an loda mu tare da tukwane da kwanon rufi, Mma, uwarmu, ta rungume ƙyauren ɗakinmu da aka ɓalle, ƙauyen yana ƙanƙancewa, yana ƙanƙancewa, har bishiyar bakin rijiya ta koma kamar tsinke…

Arba'in da ɗaya. Saura biyu.

Asabar ɗin nan za a koma ƙauyen. An mayar mana da filin, bayan shekarun da sojoji suka kwashe suna koyon harbi a kan kaburburan kakanninmu. Kowa bas zai hau. Ni kuwa na rantse: motar da ta kwashe Mma ita za ta mayar da ita. A gaba. Kusa da direba. Direban kuma ni ɗanta, Ontiretse. Ke kin riga mu, kin kwanta a ƙasar da aka zube mu, ba ki jira ba… ina kewarki, Yaya, yau fiye da kullum.

Ina ganinmu fa. Mma da shuɗin bargonta a kafaɗa, ƙunshin fanken magwinya mai ɗumi a cinya, hanya tana warwarewa da baya kamar zaren da ake naɗewa… bishiyar tana girma, tana girma… ƙyaure yana komawa jikin ɗaki, yatsanki yana warkewa, tuwon masarar da muka bari a kan wuta bai ma ƙone ba…

Arba'in da biyu.

Da safen nan injin ya tashi. Karon farko, bayan wata takwas ina ƙarƙashinta. Wannan gurnanin — har cikin haƙori. Ina murna, na waiga… Mma ce a bakin ƙofa. Mma da ba ta tashi sai da sanda, wadda wani lokaci sunan Baba take kirana da shi. Ba takalmi. Ƙunshi a ka, tukunya mai ƙafa uku a hannu. Yaushe ta ɗaure kayan? Ta durƙusa a gaban tayar.

"Yallaɓai, mun shirya. Kada ku rushe tukuna, yarana suna ciki."

Na ce Mma, ni ne. Ba ta ko dube ni ba, motar take kallo. "Segametsi, riƙe hannun ƙaninki."

Na kashe injin. Na ce ruɗin tsufa ne, na ba ta shayi, na bar ta da matata, na kwashi takardu na taho… ai Asabar ta matso, ko ba haka ba? Ai don ita nake yi?

"Arba'in da uku. Baba mai motar soja, taso, yau kam ka taki sa'a."

Wata takwas. Lardi biyu, bakin iyaka, 'yan sanda, masu awo — babu tagar da ban durƙusa na nemi izini ba. Mma kaɗai ce ban tambaya ba.

"Arba'in da uku…"

Na ji, 'yata. Ƙafafun ne suka ƙi tashi…