Kofi Ɗaya da Safe

Likitan dabbobi ya ce ƙibar kyanwar Malama ta wuce misali. Ya ba ta ɗan kofin roba: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, komai kukan da za ta yi. Malama ta tara mutanen gida ta kafa doka. Amma wata ya zagayo, Tulu, haka suke kiran kyanwar, sai ƙara cika take yi, kujera ma da nishi take hawa. Kullum kuma tana bakin kicin tana kuka kamar marainiya.

Ruwa ba ya tsami banza. Malama ta shinshina hannun 'yarta, ta laluba aljihun maigida kafin wanki. Surukarta kuwa, da ba ta isa ta tuhume ta ba, sai ta leƙa ƙarƙashin gadonta da sunan shara. Ba ta ga komai ba.

Ran Asabar ta zuba wa Tulu kofin safe, ta laɓe bayan labule. Maigida ya fito, Tulu ta shafi ƙafarsa. Ya auna kofi, har da share bakinsa da yatsa, ya zuba. Can sai ga 'yarta, ita ma ta auna. Da tsohuwa ta ɗauki kofin, Malama ta yaye labule.

"Mama, har da ke?"

Tsohuwa ko gezau. "Ni ban taɓa wuce ɗaya ba, 'yar nan. Ku dai ku binciki kanku."