Gonar da Haladu Bai Karɓa Ba

A wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa kowa ya san gonar Malam Daudu ta gindin dutse, kowa kuma ya san mai noma ta, jikansa Haladu. Uban Haladu ya rasu tun kafin a sami 'yancin kai, ya bar shi a hannun tsoho. Malam Daudu ya san cewa jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba shi da ko taki ɗaya a gado muddin akwai ɗa namiji a raye. Kuma akwai shi: Lauwali, ɗan kwangila a Kano, wanda rabonsa da riƙe fartanya tun yana yawo ba wando. Saboda haka wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsohon ya tsayar da liman da mai unguwa, ya ce su shaida ya ba Haladu gonar kyauta, halak malak.

Haladu ya durƙusa ya yi godiya har da hawaye. Sannan ya yi abin da tarbiyya ta koya masa, wato bai canza komai ba. Da damina sai ya tambayi tsoho inda za a sa gero da inda za a sa dawa. Da kaka kuma ya ɗaure dammuna ya kai rumbun tsoho, daga nan ake ɗebo wa matarsa Mairo abin da za ta daka wa gida. Mairo ta yi mita har ta gaji a kan ya gina nasa rumbun. Ya ce, "Kaka yana raye in raba rumbu da shi? Da wane ido zan kalli mutane?" In tsohon ya tsokane shi a majalisa ya ce, "Kai rago, gonarka ce fa," sai ya mayar masa da wasan jika, "Taka ce, Kaka, sai ka mutu in huta." A yi ta dariya. Haka aka yi shekara tara.

Malam Daudu ya cika a shekarar da naira ta fito, shekarar da fari ya ƙone amfanin gona har iyakar Babura. Gidaje kaɗan ne ke da hatsi, amma rumbunsa na nan da dawar shekara biyu. Lauwali ya iso cikin sabuwar Fijo, ya yi kukan da ya kamata. Bayan sadakar bakwai ya kira Haladu ɗaki.

"Na ji zancen kyautar nan, ban da ta cewa. Amma yanzu zamanin takarda ne. Mu je Kazaure gaban alƙali a tabbatar maka. Ka dai gaya masa irin biyayyar da ka yi wa Baba, kada ka rage komai."

"Allah ya saka da alheri, Baffa," in ji Haladu. Ranar ya fara shiga mota mai kujerar laushi, har yana jin kunyar ƙurar ƙafarsa.

Liman da mai unguwa suka ba da shaida yadda ta faru. Alƙali ya juyo kan Haladu.

"Bayan kyautar, wa yake cewa ga abin da za a shuka?"

"Kaka, Allah ya gafarta Malam."

"Hatsin fa, ina yake shiga?"

"Rumbunsa. Ko dami ɗaya ban taɓa warewa ba." Da alfahari ya faɗa, har ya waiga ko baffansa ya ji. Ya ji sarai.

"Zakka da sunan wa ake fitarwa?"

"Da sunansa."

Sai Lauwali ya gabatar da mutum biyu da suka sha jin Haladu yana cewa gonar ta Kaka ce. Haladu ya ce wasa ne. Alƙali ya ce ya yarda wasa ne, amma ba a kansa shari'ar ta tsaya ba. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta fita daga hannun mai bayarwa tun yana raye, yana da lafiya. Tsohon bai yi wasiyya ba. Gona tana hannunsa har ya rasu, don haka gado ce, da ita da abin da ke cikin rumbu. Liman ya sunkuyar da kai, don ya san wannan hukunci, bai dai taɓa zaton za a je nan ba.

Abin da ya fi yi wa Haladu ciwo shi ne babu wanda ya yi masa ƙarya a zauren nan. Da bakinsa ya ba da gonar. Da suka fito Lauwali ya ce zai biya wani wuri, ya ja motarsa. Haladu ya koma gida a ƙafa.

Ranar Litinin aka zo rabo, da babbar mota don kwashe dawa zuwa Kano, inda kwano ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Aka ɗage murfin rumbu. 'Yan dakon suka leƙa, suka ce ba su san yadda aka jera ba, kada su rushe kayan. Lauwali ya duba taron, idonsa ya sauka inda ya yi niyya.

"Haladu, kai ka jera, kai za ka iya. Shiga ka miƙo."

Mairo tana tsaye a bakin danga da ƙwarya, ta zo ɗibar na tuwon yau kamar kullum, 'ya'yanta uku a bayanta. Haladu ya dube ta. Bai taɓa cewa a'a ga ƙanen ubansa a gaban mutane ba, bai kuma san yadda ake farawa ba. Ya cire riga ya hau tsani. Dami bayan dami ya riƙa miƙowa, har ya kai ƙasa. Da ya leƙo zai fita, Lauwali ya miƙa masa tsintsiya da buhu.

"Tattaro wanda ya zube ma. Hakkin magada ne."