Hoton Kashim Tela

Kaltum na cikin keke Napep a hanyar ofishinsu da ke Galtimari lokacin da ta sake buɗe hoton, ta sa yatsu biyu ta faɗaɗa shi. Mutum ne kwance a bakin titi, an rufe masa fuska da zani, ga jami'an tsaro biyu tsaye a kansa. A ƙasa an rubuta wai jiya da la'asar aka harbe shi a unguwar Hausari, don kawai ya ƙi buɗe jakarsa. Kafin ƙarfe tara hoton ya gama zagaya wayoyin gari.

Shekararta uku tana aikin tantance labaran da ake yaɗawa a intanet. Editanta, Mahmud, ya riga ya kira ta sau biyu. Ya ce matasa sun fara taruwa a mahaɗar titi, in ba a fitar da bayani kafin azahar ba, ana iya samun gawa ta gaske.

A gefen hoton ta hango babura uku a jere, wani ɗan acaba na zaune a kan ɗaya. Tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, shekara takwas ke nan. Sai kuma ta ga allon shago mai shuɗin fenti, da darbejiyar da ta karkata kan rufinsa. Ta gane wurin. Ta ce wa mai keke ya juya Hausari.

A layin nan aka haife ta. Da can, da hantsi haka, ba ka jin komai sai ƙarar kekunan ɗinki da ƙahon 'yan acaba. Mama Phoebe na suyar ƙosai a ƙarƙashin darbejiyar, kowa na saye, ba mai tambayar inda wani ke ibada. Kashim tela, mai shagon shuɗin allo, shi ya ɗinka mata rigar makaranta ta farko, ya sakar mata tsawo ya ce ai za ta girma. Yanzu an sare bishiyar, Mama Phoebe ta koma Biu tun farkon rikici, shagon ya zama wurin cajin waya.

Ta bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya. Duk suka ce ko ƙarar taya ba a ji jiya ba. Ta kira asibitoci biyu, ba a kai gawa ba. Ta ɗauki hoton wurin yadda yake a yau, sannan ta shiga gidan da ke bayan shagon ta yi sallama.

Ya Gambo, matar marigayi Kashim, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta daɗe tana kallon Kaltum kafin ta gane ta, sai ta riƙe hannunta tana “wushe, wushe”, gaisuwar Kanuri, tana tambayar mahaifiyarta. Kaltum ta rasa ta inda za ta fara. Ya Gambo ce ta sauƙaƙa mata, ta ce ta riga ta gani a wayar maƙwabciya, kuma zanin da aka rufe Kashim da shi a hoton nata ne. Ranar an kai hari a wani layi, aka shigo bincike, Kashim ya fito zai rufe shago, aka harbe shi. Ba wanda ya zo ya yi musu bayani, ba jaridar da ta ambaci sunansa. Su da kansu suka ɗauke shi.

“Ya Gambo, zan rubuta cewa ba jiya abin ya faru ba,” in ji Kaltum. “In ban yi ba, yau za a harbi 'ya'yan wasu.”

“Rubuta, 'yata. Amma kada ki ce ƙarya ne. Shekara takwas ina jiran wani ya ce an yi, yau da aka faɗa kada ke ki ce ba a yi ba.”

Kaltum ta zauna a bakin tabarma ta rubuta a waya: ba a harbi kowa jiya a Hausari ba; hoton na 2011 ne, ga babura, ga bishiyar da babu ita yanzu; wanda ke kwance Kashim Ba'ana ne, tela, kuma iyalinsa sun ce har yau ba a gaya musu dalili ba. Mahmud ya kira ya ce jimlar ƙarshe za ta iya jawo musu tambayoyi daga sama. Ta ce in an cire ta, a cire sunanta ma. A ƙarshe ya ce zai saka yadda take.

Kafin azahar aka kira ta aka ce matasan sun fara watsewa. Ta miƙe za ta tafi, Ya Gambo ta riƙe gefen mayafinta ta ce ta nuna mata hoton. Ta sa tafin hannu ta rufe ƙasan hoton, ta ƙura wa sama ido, inda ƙofar shagon take a buɗe, kan keken ɗinki na leƙowa.

“Ana iya yanke nan kaɗai a wanke min?” ta tambaya. “Ba ni da ko ɗaya na shagon.”

Kaltum ta ce ana iya, ta koma ta zauna.