Sandar da Rafi'a Ta Zana

Ranar da Si Munsif ya dawo aiki bayan rasuwar matarsa Rafi'a, ni na buɗe masa ɗakin gwaji. Sunana Sundus, ɗalibarsu ce ni su biyun a nan birnin Sfax, inda ake cewa "Si" a madadin "Malam".

Sun yi shekaru suna fama da wani injin lantarki mai gudun tsiya, wanda da ya ɗauki gudu sai cikinsa ya yi zafi har wayoyi su ƙone. Rafi'a ce ta ce a rarake sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyarsa, a zuba ruwa kaɗan, a toshe. Zafi ya mai da ruwan tururi, tururin ya tafi ƙarshen sandar da ke da sanyi ya koma ruwa, juyin sandar ya koro shi baya. Sai dai ruwan ya ƙi dawowa da sauri. Tana kwance a asibiti ta sake zana ramin, bakinsa guda ya fi ɗayan faɗi, don ruwan ya riƙa dawowa da sauri. Ba ta ga an ƙera ba.

Na ce, "Si Munsif, sabuwar sandar ta iso. Ko a bari sai wani makon?"

Ya ce, "Me zai canza a wani makon? Ɗaura ta."

Ni da Lutfi, abokin aikin Si Munsif tun suna samari, muka ɗaura. Injin ya tashi, kukansa yana sirancewa har haƙora suka fara yi mini tsami. Ma'aunin zafi ya yi ta hawa. Ya kusa kaiwa inda muka saba jin ƙauri, ya tsaya cak.

Lutfi ya daki tebur. "Wallahi ya tsaya! Munsif, na sha faɗa maka matar nan ta fi ka kai!" Sai ya ji abin da ya faɗa, ya dafe bakinsa.

Si Munsif ya ce, "Haka ne. Sundus, ƙara gudu."

Na ƙara. Ma'aunin bai motsa ba. Ya ɗora tafinsa a jikin injin, ya daɗe a haka, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Kashe," ya ce.

Da azahar muka bi shi shagon da ke tsallaken titi, inda ake sayar da lablabi, wato romon wake mai yaji. Ya gutsuttsura burodi a kwano, aka zuba masa romo, ya cinye tas. Mai shagon ya ce, "Yaji bai yi yawa ba, Si Munsif?"

"Ban lura ba."

Ya goge hannunsa, ya ce mini gobe mu sake gwadawa da ruwa ƙasa da na yau.