Ranar da Murhun Arvid Ya Tafasa

A watan Janairun da aka yi wa mijina Arvid aikin ƙugu, kula da murhun waje ya dawo hannuna. Shekara goma sha ɗaya murhun yana tsaye a bayan gidanmu kamar ƙaramin ɗakin ƙarfe. Wuta na ci a cikinsa, ruwan da ke kewaye da ita ya yi zafi, famfon lantarki ya tura ruwan ta bututun ƙarƙashin ƙasa ya ɗumama mana gida. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa buɗe ƙofarsa ba. Arvid ya rubuta mini a bayan ambulan: itace safe da yamma, kwashe toka ranar Asabar. Iyakar abin da na sani ke nan.

Maƙwabciyarmu Verna Koskela, mai shekara saba'in da tara, ita kaɗai take zaune a ƙetaren filinmu tun rasuwar mijinta. Ba sa shiri da Arvid ko kaɗan. Tana da ciwon ƙirji, kuma in iska ta juyo, hayaƙin murhunmu a tagarta yake sauka. Sau biyu tana kai ƙararsa majalisar gari. Shi kuma ya sa mata suna Sufeto.

Ranar Talata na tashi na ji falo da sanyi. Na taɓa bututun ɗumi, ba zafi. Na ce a raina wuta ce ta yi ƙasa, na fita na cika murhun da itace, na dawo na ɗora kofi. Ko rabin awa ba a yi ba na ji ana dukan ƙofa da sanda.

Verna ce, cikin tsohuwar rigar farautar mijinta, da sanduna biyu na tafiya a kan ƙanƙara. Tana haki.

"Darlene, sa takalminki. Murhunku na tafasa."

Daga kan gadon da muka sa masa a falo Arvid ya ɗaga murya: "Ki ce wa Sufeto ofis bai buɗe ba tukuna!"

"Ka kwanta ka yi jinyarka, Arvid Lahti," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya ina shaƙar hayaƙinka, na san shi fiye da kai. Wancan ba hayaƙi ba ne, tururi ne."

Muka fita. Sai a lokacin na lura. Farin tururi na feshi daga ɗan bututun da ke saman murhun, cikinsa na ƙugi kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Allurar ma'aunin zafi, wadda Arvid ya ce kada ta wuce ɗari da tamanin a lissafin Fahrenheit, ta haura ɗari biyu. Na kai hannu zan buɗe ƙofar, ta buge mini hannu da sanda.

"So kike ki rasa girarki? Kashe lantarkin tukuna. Duka, fankar hura wutar da famfo."

Na kashe. Ta nuna mini wani ƙaramin marfi a jikin ƙofar, inda iska ke shiga. Ya kamata ya rufe da kansa in ruwa ya yi zafi, amma ga shi a hangame, baƙin ƙulli mai kama da kwalta ya riƙe shi. Ta sa na ɗauko sukundireba na kankare, ta ƙwanƙwasa shi da gindin sanda, ya faɗa ƙwas. Sannan ta tsayar da ni a bayan ƙofar, na buɗe kaɗan, muka jira, na buɗe sosai. Na riƙa zuba toka da shebur a kan wutar har ta lafa.

"Ga abin da ya faru," in ji ta. "Marfi ya maƙale, wuta ta ci ba birki, ruwa ya tafasa ya ƙone. Da ya yi ƙasa, famfo ya shaƙi iska, ya daina turawa. Gida ya yi sanyi. Sai ke kuma kika ƙara itace, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Kowa haka zai yi. Na ga injiniya mai takardar digiri ya yi haka."

"A ina kika san duk wannan, Verna?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. "Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin tukunyar tururi na masana'antar takarda. Ba wanda ya taɓa tambayata ne kawai."

Na ce bari in jawo tiyo in cika ruwan. Ta ce a'a, ruwan sanyi a kan jan ƙarfe tsaga shi zai yi, sai ya huce. Don haka muka koma ciki. Karo na farko ke nan da ta shiga gidanmu. Na zuba mata kofi, na yanka burodin kirfa. Arvid na kwance cikin bargo uku, hancinsa kaɗai ake gani.

"Wane itace ta zuba?" ya tambaya, yana kallon silin.

Na ce wanda ke kusa da shinge, don ya fi sauƙin ɗauka.

"Wayyo! Wannan na baɗi ne, ɗanye ne shar!"

"Ka rubuta mata a ambulan ɗin?" in ji Verna. Ya kau da kai. "To ka daina wayyo. Kuma ƙullin da na gani a marfin nan ba na mako biyu ba ne. Yaushe rabonka da kankare shi?"

Ya ja bargo ya rufe hancin ma.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana allura ta sauko. Na jawo tiyo daga ɗakin wanki, muka riƙa zuba ruwa a hankali har ya kai alama. Na kunna famfon. Ya yi gunji, amma bututun bai ɗumama ba. Verna ta dafa bakin sukundireba a jikinsa, ta kara kunnenta a kan ƙotar, ta rufe ido.

"Yana da rai. Iska ce a cikinsa. Sassauta wannan kusar ta tsakiya, kaɗan."

Na sassauta. Ya yi tsaki mai tsawo, ya tofar da kumfa, sannan ruwa ya biyo. Na ɗaure. Na riƙe bututun da hannu ba safa, ina jin ɗumi na ratsowa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tun da safe nake lissafin yadda zan fitar da mutumin da ba ya iya taka ƙasa in bututun gidan suka daskare.

"Kada ki yi kuka a nan, zai daskare miki a fuska," in ji ta.

Ba ta tafi ba sai da ta gwada ƙofar murhun. Ta maƙala takarda a bakin ƙofar ta rufe, ta ja, takardar ta zare ba wuya. Igiyar da ke toshe bakin ƙofar ta mutu. Akwai sabuwa a gareji, Arvid ya saya tun bara bai sa ba. Washegari muka ɓamɓare tsohuwar muka manna ta.

Mako shida tana zuwa kullum da hantsi. Ta koya mini in ƙwanƙwasa itace biyu in ji ƙarar busasshe, in duba ruwa kafin in duba wuta, in kankare marfin duk ranar kwashe toka. Ita ta faɗi tsawon da za a ƙara wa bututun hayaƙi don hayaƙin ya daina sauka a tagarta, na kira mai walda ya ƙara.

Ranar da likita ya ba shi izinin fita, cikin watan Maris, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce in naɗe masa kifin da ya banda a kaka. Na ce in kai shi a mota, ya ƙi. Da sandar asibiti ya ratsa filin, ina biye da shi, ya tsaya hutawa sau huɗu. Verna ta buɗe ƙofa kafin mu ƙwanƙwasa.

Ya cire hula. "Misis Koskela, na zo ne in ce na gode. Kin ceci gidana, kin ceci matata daga wahala. Ban kyauta miki ba a baya."

Ta karɓi kifin ta shinshina. "Gishiri ya yi yawa, daga nan nake ji. Shigo ka zauna kafin ka faɗi a ƙofata a ce ni na ture ka."

Muka zauna a kicin ɗinta har la'asar. Ta ɗauko hoton abokan aikinta na masana'anta, maza goma sha huɗu da ita a tsakiya. Arvid ya sa tabarau ya gane ƙanin mahaifinsa a layin baya, suka shiga gardama a kan shekarar da aka ɗauki hoton. Ni dai na tashi na ƙara ɗora kofi.