Ƙirgen Gwaggo a Bakin Ruwa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa ɓatar da ɗan kowa ba. Wannan maganar na dinga nanata wa matar ƙanena har ta gaji ta ba ni 'yarta a wata Asabar. Da na san abin da zai biyo baya da na ja bakina na yi shiru, to amma ni da shiru ba ma ga maciji.

Duk Asabar nakan kwashi yara a tsohuwar motata mu tafi wurin ninkaya da ke bayan filin ƙwallo. Su shida ne: jikokina uku, 'ya'yan ƙanwata biyu, sai 'yar maƙwabciyata da muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa. Dukansu Gwaggo suke ce mini. Wadda ba a taɓa ba ni ba ita ce 'yar ƙanena, mai shekara shida. Uwarta ta yi shekara tara tana jiran haihuwa kafin ta same ta, shi ya sa take lallaɓa ta, ko ƙuda ba ta so ya sauka a kanta. Da zolaya muka fara ce wa yarinyar Ƙwai, sunan kuwa ya bi ta. Yarinya ce marar magana, idan ka tambaye ta abu sai ta kalli ƙafarta.

Ran nan da na je ɗaukarta, uwar ta biyo mu har ƙasan bene da jaka kamar mai tafiya wata ƙasa.

"Yaya, ba ta iya ruwa ba fa. Ko a baho ba ta son ya taɓa mata fuska."

"Na ji."

"Kuma ko abu na damunta ba za ta faɗa ba. Sai kin duba ta."

"Ke dai kin cika tsoro," na ce. "Yara arba'in nake riƙewa a aji ni kaɗai tun kina tsumman goyo. Bakwai ne za su gagare ni? Ƙarfe biyar zan dawo miki da ita, ko ƙwarzane babu."

Ta sunkuya ta gyara wa 'yar takalmi wanda ba abin da ya same shi, sannan ta sake ta.

Ina da tsarina a bakin ruwa, kuma ina taƙama da shi. Kowane yaro da lambarsa. Idan na tafa hannu sau uku, ko me suke yi sai su tsaya su amsa a jere: ɗaya, biyu, uku, har ƙarshe. Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne dalilin tsarin. Idona ba ya gani sai da tabarau, tabarau kuwa da yaran nan suka fara fantsama ruwa ya tashi daga aiki. Na gaji da gogewa, sai nakan cire shi in jefa a jaka in zauna a bakin ɓangaren yara, ƙafafuna cikin ruwa. Daga nan kawuna kawai nake gani suna yawo, ban san na wane da wane ba. Da kunne nake tsaron yarana, kunnena kuwa ko mai gulma a bencin baya bai taɓa tsere masa ba.

Rediyo ce shida, sai na ba Ƙwai bakwai. Tun kafin su shiga ruwa na gwada su. Aka zo kanta ta motsa leɓe, ban ji komai ba.

"Me kika ce? Ni ba na jin kukan sauro. Buɗe baki!"

Ta sake motsa leɓe, idonta ya ciko.

"Nan ba gidanku ba ne da za a lallashe ki. Idan na tafa ban ji bakwai ba, fitowa za ki yi ki zauna kusa da ni har mu tashi."

Haka na faɗa mata, da wannan muryar tawa da ke tsayar da aji. Na ɗauka tarbiyya nake yi.

Suka shiga. Wasan farko shi ne wanda suke kira tafiyar ƙadangare: kowa ya kama gefen bangon da hannu biyu, su yi layi suna matsawa a hankali har su kai igiyar da ta raba ɓangaren yara da wuri mai zurfi, sannan su juyo. Na zaɓe shi ne don Ƙwai, tunda ba a sakin bango. Bayan shi suka koma wasan kada, ɗaya ya tsaya a tsakiya yana kama masu tsallakawa, ihu kamar za su tsaga rufin wurin. Na tafa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, sai wata 'yar siririyar murya ta ce bakwai. Na ce a raina, ka ga abin da nake faɗa, yaro ai sai da tsawa.

Sai wasan cokula, wanda suka fi so. Ina da tsofaffin cokula goma da nake watsawa cikin ruwan, su nutsa su tsinto, wanda ya fi yawa shi zai zauna gaban mota. Na watsa, suka tsinto, suka yi rigima a kan wani cokali, na raba. Na tafa, na ji bakwai. Wata mata da ke zaune kusa da ni ta ce tsarin nan ya burge ta, ni kuwa abin nema ya samu, na gyara zama na shiga yi mata bayani tun daga shekarar da na fara koyarwa. Na sake tafawa a tsakiyar hirar don ta gani da idonta. Bakwai cif.

A tafi na huɗu ne ƙirgen ya tsaya a biyar.

"Shida?"

"Rediyo ta tafi bayi, Gwaggo," in ji babban jikana.

"Ba ta iya faɗa ba? To, bakwai?"

Na ƙara ɗaga murya.

"Bakwai!"

Ƙaramar jikata ce ta matso ta dafa gwiwata. "Ai Rediyo ce bakwai."

"Kamar yaya Rediyo ce bakwai?"

"Ita take cewa. Ƙwai tana jin kunya, shi ne Rediyo ta ce za ta dinga faɗa mata don kar ki fitar da ita."

"Tun yaushe?"

"Tun ɗazu."

"Ina Ƙwai ɗin?"

Suka kalli juna. Babban ya ce yana tsammanin tana wajena. Wani ya ce tun wasan ƙadangare bai gan ta ba.

Innalillahi! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zazzage jakar a ƙasa, tawul da makullai da kwalbar ruwa suka watse, na lalubo tabarau, na maƙala shi da sauri har na kusa tsone idona. Duniya ta dawo tar, kuma babu 'yar ƙanena a cikinta. Ɓangaren yara cike yake da 'ya'yan mutane, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyo kafaɗunsu, wata uwa ta daka mini tsawa ban ko kalle ta ba. Na duba ƙasan ruwan. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na duban ƙasan ruwan nan ba, ina nema kuma ina roƙon kar in gani.

Na ruga wurin canza kaya ina buga ƙofofi. Rediyo ta fito tana gyara riga, ta ga fuskata, bakin nan nata ya mutu a karon farko tun da na san ta.

Mai usur, wato mutumin da aka ɗora a kan doguwar kujera don ya sa ido, yana zaune abinsa. Na kama ƙafar kujerar na girgiza.

"Yarinya ta ɓata! Shekara shida, kayan wanka ruwan ɗorawa!"

"Yaushe kika gan ta ƙarshe, Hajiya?"

Tun da na cire tabarau ban gan ta ba, jin ta kawai nake yi, jin ma ashe ba ita ba ce.

Bai jira ni ba. Ya busa usur dogo sau uku, ya ce kowa ya fita. Mutane suka fara hawowa suna gunaguni, ruwan ya dinga yin fili. Can a kusurwar ƙarshe ta wuri mai zurfi wasu samari ne da wata ƙatuwar tayar roba da suka yini suna kokawa a kanta. Da suka ja ta suka fito, sai ga ɗan kai a bayanta, manne da bango.

Tana nan riƙe da gefen da hannu biyu, haɓarta a kan tayil, ruwa na lasar mata leɓe. Ba wanda ya gaya mata ana juyowa a igiya. Ita ce ƙarshen layi, sauran suka juyo da gudu suka wuce ta, ita kuwa ta bi ta ƙarƙashin igiyar ta ci gaba da matsawa yadda na ce a yi, har ta kai kusurwa, ta nemi ƙasa da ƙafarta ta rasa. Nan ta ƙame. Wurin ya fi tsayina zurfi. Da muka lissafa daga baya, ta haura minti arba'in a haka, mutane na kewaye da ita, ba ta kira kowa ba.

Mai usur ya kwanta a kan cikinsa ya kama ta ta hammata, amma ta ƙi sakin bangon. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sun yi fari fat sun yamutse, fatar biyu daga ciki ta saɓule. Na naɗe ta a tawul uku na rungume, jikinta sanyi ƙalau, haƙoranta na haɗuwa. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, a gaban yaran da na hana kuka sau ba adadi.

"Na hango ta ɗazu," in ji mai usur. "Na ɗauka ƙanwar samarin nan ce."

Na so in zage shi tas, zagin ma ya zo har bakina. To da wane bakin?

A mota ba wanda ya yi rigimar gaba, Ƙwai na sa a nan. Rediyo tana baya tana sheshsheƙa tana cewa ita taimako ta yi. Na ce mata ta yi shiru, ba laifinta ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Mun kusa layinsu sai na ji an taɓa mini hannu.

"Gwaggo."

"Na'am, uwata."

"Kar ki gaya wa Mama. Ba za ta bar ni in sake zuwa ba." Ta kalli yatsunta. "Ban yi wasan cokali ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini. Na ce mata to.

Na bar sauran a mota na hau da ita bene na uku. Kafin in ƙwanƙwasa an buɗe, da alama uwar a bayan ƙofar ta yini. Ta durƙusa ta shafa kan 'yar, ta duba kunne, ta duba ido. Ƙwai ta ɓoye hannayenta a cikin tawul.

"Ya ruwan? Kin ji tsoro?"

"A'a. Na yi wasa."

"Ke da kanki? Kin shiga?"

"Har can nesa."

Uwar ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta miƙe ta kama hannuna da nata biyu.

"Yaya, ki yafe mini. Tun da kuka tafi nake ta zarginki a raina, ko ruwa na kasa sha. Babanta ya sha gaya mini in saki jiki da ke. Asabar mai zuwa ma ki zo ki ɗauke ta, ba sai kin tambaya ba."

Da zagina ta yi da na iya ɗauka. Na kalli matar nan da na yi shekaru ina yi wa dariya saboda tsoronta, ga shi tana ba ni haƙuri, ta kuma miƙo mini 'yarta a karo na biyu. Ƙwai ta ɗago tana kallona, kallon da ba ta taɓa yi wa kowa ba, kai tsaye cikin ido.

"Ki duba hannunta," na ce.

"Me ya sami hannun?"

Na faɗa mata duka a tsaye a bakin ƙofar. Tabarau da ke cikin jaka, tsawar da na yi, Rediyo, igiya, kusurwa. Ban rage komai ba, ban kuma sa sunan mai usur a ciki ba. Tana saurare tana warware tawul ɗin a hankali, ta ɗago yatsun ta juya su a tafin hannunta.

"Minti nawa?"

"Arba'in. Ko fiye."

"Kina ina?"

"Ina zaune. Ina hira."

Na jira ta yi ihu, na ma so ta yi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ce miki ki duba ta, Yaya. Shi kaɗai na roƙe ki."

Ta ɗauki 'yar ta saɓa a kafaɗa. Ta saman kafaɗar Ƙwai ta ce, da ƙarfin da da ta yi shi a ruwa da kowa ya ji ta, "Gwaggo, kin ce to!"

Aka rufe ƙofar, ba da ƙarfi ba, na ji an murza makulli. Sai a lokacin yarinyar ta fashe da kuka, kuka mai cin rai, tana yi tana cewa ita za ta koma, uwar na ce mata ba inda za ki sake zuwa.

Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na rasa abin da zan ce idan an buɗe. Na sauko hawa ɗaya na zauna a kan matakala da jiƙaƙƙen zanena. A ƙasa yaran sun gaji da jira, wani a cikinsu ya fara danna hon.